Maganar Masu Ceton Rai a Gulbin Rima da Ijazar da Ta Kamace Su

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya ruwa sababin rayuwar bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka, wannan magana ce a kan mutanen da ke fid da wanda ya faɗa ruwa a gulaben ƙasar Sakkwato, da irin koyon da ya kamata su yi, da shaidar da ya kamata a ba su kafin a danƙa musu rayukan jama'a.

Birnin Sakkwato, tun da Muhammadu Bello ya kafa shi a 1809, a kan tudu ya ke yana kallon fadama. Gulbin Rima ya gangaro daga arewa maso gabas, ya bi ta Goronyo da Wurno, ya haɗu da gulbin Sakkwato kusa da birni, sa'an nan suka nufi Argungu da Birnin Kebbi har suka zuba cikin Kwara. Da rani akwai mashigan da yaro zai ratsa da ƙafa. Amma in watan Agusta ya kama, ruwan sama ya yawaita, aka kuma buɗe ƙofofin madatsar Goronyo ko ta Bakolori don rage musu nauyi, sai gulbi ya tumbatsa ya shafe fadama. Daga nan manomin shinkafa ba ya isa gonarsa sai da kwale-kwale, haka mai cin kasuwa, haka mai zuwa ta'aziyya. Mutanen birni ma sun ɗanɗana wannan a watan Satumba na 2010, sa'ad da ambaliya ta cinye gadar da ke tsakanin gari da mazaunin Jami'ar Usmanu Danfodiyo, har malamai da ɗalibai suka koma fito cikin jirgi.

Abin da ruwan nan ya ci kuwa ba kaɗan ba ne. A watan Afrilu na 2022, cikin azumin Ramadan, jirgi ya kife da mutanen Gidan Magana a ƙasar Shagari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara da matasa waɗanda suka fita neman itacen girki. A daminar 2024 wani ya kife a Dundaye, nan kusa da birni, da manoma masu zuwa gonakinsu. Ranar Lahadi 17 ga Agusta 2025, watau cikin watan Safar na 1447, wani ya kife da mutum fiye da 50 masu nufin kasuwar Goronyo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya cikin shekarar 2021 kaɗai, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don tunatarwa a kan wannan masifa.

Wane ne ke ceto?

Duk sa'ad da irin wannan ya auku, sai a ji a rediyo cewa jami'an hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wadda a ke kira NEMA, sun tafi wurin tare da na jiha. Suna zuwa kuwa, suna kuma wahala. Amma mai karatu ya lura da lissafin lokaci. Wanda bai iya iyo ba, ba ya wuce minti ɗaya yana fafitika a bisa ruwa kafin ya nutse. In numfashi ya yanke, ƙwaƙwalwa ta kan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6. Babu motar da za ta tashi daga Sakkwato ta isa mashigin Goronyo cikin minti 6. Saboda haka aikin wanda ya zo daga birni, galibi, neman gawa ne. Wanda zai fid da mai rai shi ne wanda ke bakin gulbi tun kafin jirgi ya kife: masunci, da mai fito, da ɗan dako, da ɗan agajin ƙauyen.

Waɗannan mutane suna da ilmin da ba a samu a littafi. Sarkawa da sauran masunta sun gaji ruwa kaka da kakanni. Sun san inda gulbi ya yi zurfi, da inda ruwa ke juyawa, da inda kututture ya kwanta a ƙasa, da inda yashi ya ƙaura tun daminar bara. Suna da shugaba, watau Sarkin Ruwa, wanda a ke jin maganarsa. Kowa ya je bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ya ga yadda ba mai shiga gulbin Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya yi izini, ya kuma ga wasan Kabanci inda a ke gasar iyo da nutso da tseren jirage. Mutum ya rungumi gora ya ratsa ruwan da ya fi ƙarfin doki.

Amma fa Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. Mai ceto kuwa kai biyu zai fitar, nasa da na wani, sa'an nan in ya kai gaɓa akwai sauran aiki, domin wanda aka fitar ba ya numfashi bai tsira ba tukuna. A nan ne gado ke ƙarewa, a ke bukatar koyo. Gwanin nutso zai iya tsamo yaro daga ƙasan gulbi cikin minti 3, sa'an nan yaron ya cika a hannunsa a kan yashi, don an kife shi ana danna masa ciki wai a fid da ruwa, alhali iska ya ke bukata.

Yadda wasu ƙasashe suka yi da nasu wurin haɗari

Kowace ƙasa da inda mutuwa ke tare mutanenta. A ƙasashen sanyi, irin su Faransa da Suwizalan da Amurka, har da dutsen Ukaimidin da ke kudu da Marrakish a Maroko, dusar ƙanƙara, wadda Larabawa ke kira talji, ta kan rufe duwatsu da hunturu. Mutane su kan ɗaura wasu dogayen alluna a ƙafafunsu, su zamo daga ƙwanƙolin dutse zuwa gindinsa da gudun da ya fi na doki. Wasa ne a gare su, kasuwa ce kuma babba ga garuruwan da ke gindin duwatsun. Amma a kan karye, a kan yi karo da itace, wani lokaci kuma dusar ta zaftaro ta binne mutane. An yi bincike a Suwizalan, aka buga shi a 1994, aka ga wanda dusa ta binne in an tono shi cikin minti 15, fiye da 90 cikin 100 suna rayuwa, in kuwa an kai minti 35 sai wajen 30 cikin 100. Ashe su ma lissafinsu na mintoci ne, kamar na gulbi.

A 1936 wani Ba'amurke mai suna Charles Minot Dole ya karye a idon sawu a kan dutsen garin Stowe, cikin jihar Vermont. Babu mai aikin ɗauko majiyyaci, sai abokansa suka jawo shi ƙasa a kan fallen kwanon rufi. Ba a daɗe ba ɗaya daga cikin abokan nan, Frank Edson, ya yi karo da itace a wurin tsere ya mutu. Wannan ya sa Dole ya tsaya har aka kafa ƙungiyar 'yan sintirin gangaren dutse ta ƙasar a 1938, a 1980 kuma majalisar dokokin Amurka ta ba ta takardar amincewa. Yawancin 'ya'yanta 'yan sa kai ne, amma ba a ba mutum rigar ƙungiya don ya iya zamiya kawai. Sai ya shiga a matsayin ɗalibi, ya koyi ɗaurin karaya da tsai da jini da farfaɗo da wanda numfashinsa ya yanke, ya koyi sauko da majiyyaci a kan gado mai zamiya ba tare da ya kifar da shi ba, sa'an nan a jarraba shi a rubuce, a kuma jarraba shi a aikace. Ko ya ci, kowace shekara kafin hunturu sai ya komo an yi masa bita, yadda cikin shekara 3 zai sake bin karatun duka. A Faransa kuwa gwamnati ce da kanta ke ba da shaidar tun 1979, mataki uku ne, kuma akwai shaida dabam ga mai tayar da dusa da nakiya kafin ta zaftaro wa jama'a, da mai kiwon karen da ke sunsuno wanda aka binne.

Abu mafi girma cikin aikinsu ba a ganinsa, domin tun da asuba kafin kowa ya hau dutse sun zaga hanyoyi, sun kafa alamu, sun tsame abin tuntuɓe. In sun ga hanya ba ta da aminci sai su rufe ta, ko da mai kuɗi ya biya ya zo daga nesa. Abu huɗu ke nan a ke iya ɗauka daga gare su: koyo, da jarrabawa, da bita kowace shekara, da ikon hanawa.

Ijaza ba baƙuwa ba ce a Sakkwato

Babu ɗaya cikin huɗun nan da zai zama sabo ga almajiri. A makarantar allo yaro ya kan tashi daga kolo zuwa titibiri zuwa gardi, kuma ba mai kiran kansa gwani sai alarammomi sun zauna sun bi rubutunsa harafi harafi. A ilmin littattafai malami ba ya zama ya karantar da abin da ba a ba shi izini ba, yana kuma iya lissafa wanda ya karɓa daga gare shi har zuwa mawallafi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don ambaton malaman da ya yi karatu a wurinsu. Mahaddaci kuwa ya san in ya bar tilawa wata biyu, hadda za ta fara zuba. To, in ana wannan tsanani don kada a karkatar da wasali ɗaya, yaya za a bar mutum 50 a hannun wanda ba a taɓa jarraba shi ba?

Shari'a ma ta yi magana. Aya ta 32 cikin Suratul Ma'ida ta daidaita raya rai ɗaya da raya mutane baki ɗaya. Malaman fiƙihu sun sanya ceton wanda zai halaka cikin farillan kifaya, har sun wajabta wa mai salla ya yanke sallarsa in ya ga wani zai nutse kuma yana da ikon fid da shi. Abin da wajibi ba ya cika sai da shi kuwa, shi ma wajibi ne, saboda haka koyon ceto ya hau kan jama'ar kowane gari da ke bakin ruwa. In wasu sun koya, an ɗauke wa sauran, in ba wanda ya koya, laifin na kowa ne. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid an ɗauke wa mai jirgi biyan abin da ya nutse, an kuma hana shi kuɗin haya sai in ya isar. Masu sharhi sun bayyana cewa wannan sauƙi ga wanda bai yi sakaci ba ne, bai kuma ƙetare iyaka ba. Wanda ya zuba mutum 50 da babura da buhuna a jirgin mutum 20, ba ya cikin waɗanda aka yi wa uzuri.

Wani zai ce ai ajali ne, kuma wanda ruwa ya ci ya yi shahada. Gaskiya ne ana yi masa fatan ladan shahada, amma ladan mamaci ba ya wanke mai sakaci. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta sauka can, bai kuwa fita daga imani da ƙaddara ba.

Abin da za a koya, a kuma jarraba

Na farko, sanin jirgi da lodi. Jirgin katako in ya yi nauyi bakinsa ya kan kusanci ruwa, har ƙaramar igiyar ruwa ta shiga ciki. In mutane suna tsaye, ko an ɗora kaya sama, nauyi ya hau bisa, sai jirgi ya riƙa tangaɗi. Da ya karkata kaɗan, tsoro ya kan kori kowa zuwa gefe ɗaya, shi ke nan ya kife. Mai ceto ya san adadin da kowane jirgi ke ɗauka, a zana masa layi da fenti a jikinsa wanda in ruwa ya taɓa shi ba za a tashi ba, ya duba ɗinkin katako da abin kwarfar ruwa kowace safiya.

Na biyu, gane mai nutsewa. Mutane suna zaton zai yi kururuwa yana ɗaga hannu. Sau da yawa ba ya iyawa, domin bakinsa na shiga ruwa yana fita, ɗan numfashin da ya samu bai isa kira ba. A kan gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a ɗage baya, hannuwa na dukan ruwa ta gefe, shiru.

Na uku, tsarin ceto. Shiga ruwa shi ne na ƙarshe. Da fari a miƙa gwangwala ko filafili. In bai kai ba a jefa gora, ko jarkar da ba kome cikinta an toshe bakinta, ɗaure da igiya. In bai yiwu ba a bi shi da jirgi. Sai in duk waɗannan sun faskara gwani zai tuɓe babbar riga ya shiga, riƙe da abin da ke iyo, ya zo masa ta baya, domin mai nutsewa ya kan cafke duk abin da ya taɓa ya hau kansa, ko da mahaifinsa ne. Ta haka ne a kan yi jana'iza biyu a maimakon ɗaya.

Na huɗu, farfaɗowa. Turawa sun fara kafa ƙungiya don wannan a Amsterdam a 1767, da London a 1774, amma hanyar da a ke bi yanzu, ta hura iska baki da baki haɗe da danna ƙirji, sai wajen 1960 likitoci suka tabbatar da ita a Baltimore ta Amurka. In an fito da mutum ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri, a ɗage kansa baya, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa a hura masa iska har ƙirji ya taso. Sa'an nan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, zurfin wajen inci 2 ga babba, da saurin 100 zuwa 120 a minti, a hura sau 2, a koma dannawa, kada a daina sai ya motsa ko ma'aikacin lafiya ya karɓa. In yana numfashi a kwantar da shi ta gefe, a cire jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi, a kai shi asibiti ko ya ce ya warke, domin huhun da ruwa ya shiga ya kan tayar da ciwo bayan sa'o'i. Wannan bayani a takarda bai isa ba, kamar yadda ba a koyon tajwidi sai daga baki. Sai an gwada a kan mutum-mutumin roba a gaban malami har hannu ya faɗa. Lalura ta halatta wa namiji ya ceci matar da ba muharramarsa ba, amma mafi kyau a koya wa mata su ma, tun da su ne ke bakin ruwa wurin wanki tare da yara.

Wa zai koyar, wa zai ba da shaida?

Ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba. Ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda dokar Nijeriya ta kafa a 1960, tana koyar da taimakon farko tana ba da takarda. Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a 1962 a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, kuma Sarkin Musulmi ke shugabantarta, tana da 'yan agaji, haka Fityanul Islam, haka Izala. Kowa ya gan su da kakinsu a filin Idi da sansanin alhazai, sun saba da fareti da bin umarni. A cikin birni akwai likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, ta fid da ƙa'idoji a 2023 waɗanda suka hana tafiyar dare da lodin wuce kima, suka wajabta sa rigar kariya mai hana nutsewa, ta kuma fara ajiye dogarawan ruwa a wasu tashoshi. Amma gulbi dogo ne, mashigai sun fi ma'aikata yawa.

Abin da ya rage shi ne haɗa waɗannan hannuwa. Masunci ya iya ruwa bai iya farfaɗowa ba, ɗan agaji ya iya ɗauri da farfaɗowa amma da yawa ba su iya iyo ba. A tara su a kowace gunduma kafin damina, cikin watan Mayu ko Yuni, su koya wa juna. A ƙarshe Sarkin Ruwa ya jarraba iyo da nutso da tuƙi, ma'aikacin lafiya ya jarraba farfaɗowa, hakimi da wakilin hukuma su sa hannu. Takardar ta ɗauki sunan mai ita, da sunan wanda ya koya masa, da shekarar da aka ba shi, ta kuma mutu bayan shekara ɗaya in bai zo bita ba. Wanda ya faɗi kada a ba shi don ɗan wane ne, domin sai an gwada a kan san na ƙwarai. Kowane mashigi, musamman ranar kasuwa, ya zama yana da aƙalla mutum biyu masu wannan shaida, da jirgi guda wanda ba ya ɗaukar fasinja, da igiya da goruna a rataye inda kowa zai gani. A kuma ba su ikon cewa jirgin nan ba zai tashi ba, hakimi ya tsaya a bayansu in mai jirgi ya yi gardama.

Attajirai da 'yan kasuwa suna da rabo babba cikin wannan, domin masu ciniki da su ne ke cikin jiragen, kayansu ne kuma ke nutsewa. Wanda ya sayi rigunan kariya ya ajiye a mashigin garinsu waƙafi, ko ya ɗauki nauyin abincin masu koyo na mako guda, ya yi sadaka mai gudana kamar wanda ya haƙa rijiya. Fatake kuwa su rage gaggawa, su yarda a yi sawu biyu, gara a tarar da kasuwa ta fara watsewa. Limamai su ambaci wannan a huɗuba tun ruwa bai sauka ba, malaman allo su hana almajirai wanka a gulbi da kududdufi ba tare da babba ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya gafarta wa waɗanda ruwa ya ci a Shagari da Dundaye da Goronyo da sauran wurare, ya ba iyalansu haƙuri, ya saka wa masu shiga ruwa don ceton bayinsa da mafificin alheri, ya ba shugabanni ikon tsayawa ga wannan aiki. Haza wassalam.